HUKUNCIN FIƊAR ƘARA GIRMAN MAMA A SHARI'AR MUSULUNCI

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ƙagi ɗan Adam Ya kyautata surarsa, sa'an nan Ya damƙa masa jikinsa amana. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wata mas'ala wadda kunya takan hana a tambaye ta a bainar jama'a, alhali kuwa zancenta yana yawo a tsakanin mata, a gidajen biki da wurin kitso da cikin wayoyin hannu. Mas'alar kuwa ita ce, ko ya halatta mace ta kai kanta wurin likitan fiɗa domin a ƙara mata girman mama, ko a ɗaga mata shi bayan ya kwanta. Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman sanin addininsu ba, kamar yadda ya zo a cikin Sahihu Muslim. Saboda haka babu laifi a yi bayanin wannan al'amari a fili, matuƙar an tsare ladabi. Kuma tun da yake malaman fiƙihu sun ce ba a yanke hukunci a kan abu sai an san yadda yake, to, za a fara ne da bayanin shi kansa aikin.

ASALIN AIKIN DA YADDA AKE YINSA

A shekarar 1895 wani likitan fiɗa mai suna Vincenz Czerny, a birnin Heidelberg na ƙasar Jamus, ya cire wani ƙari daga maman wata mata, sa'an nan ya ɗebo ƙullutun kitse daga bayanta ya cike gurbin da shi. Watau farkon abin magani ne, mayar da abin da cuta ta ɗauke. Daga baya ne aka juya shi ya koma neman ƙawa. Aka yi ta ɗura wa mata kakin farafin da allura, bayansa kuma ruwan silikon tsagwaronsa, abin da ya jawo wa da dama daga cikinsu ƙulle-ƙulle masu tauri da gyambo, har wasu sai da aka yanke musu maman ɗungum.

A shekarar 1962, a birnin Houston na ƙasar Amurka, likitoci biyu, Thomas Cronin da Frank Gerow, tare da kamfanin Dow Corning, suka fara dasa wa mace 'yar jaka mai cike da silikon mai kauri. Wannan ita ce hanyar da ta bazu a duniya. Yadda ake yi shi ne, bayan an sa mace barci da magani, likita yakan tsaga ƙarƙashin mama, ko gefen da'irar kansa, ko hammata, ya buɗe gurbi a bayan naman mama ko a ƙarƙashin tsokar ƙirji, ya cusa jakar, ya ɗinke. Wata jakar silikon ne a cikinta, wata kuwa ruwan gishiri. Akwai kuma waɗanda akan zuƙo kitse daga cikinsu ko cinyarsu a ɗura a maman. Ɗaga mama kuwa shi ne a yanke fatar da ta saki, a tattara sauran a ɗinke. Maza ma ba a bar su a baya ba, domin akwai masu sa a dasa musu irin wannan abu don ƙirjinsu ya yi kama da na 'yan dambe.

ABIN DA YAKAN BIYO BAYA

Gaskiya ne mata da yawa an yi musu wannan aiki sun tashi lafiya. Amma fa likitocin da kansu ba su ɓoye illolinsa ba. Jikin mutum in ya ji baƙon abu a cikinsa yakan saƙa wata yana ta tabo ya kewaye shi. Wani lokaci yanar nan takan ƙanƙance ta matse jakar, sai mama ya yi tauri, ya karkace, ya riƙa ciwo. Jakar kuma tana iya fashewa. In ta ruwan gishiri ce, sai a ga maman ya lotse, jiki ya shanye ruwan. In kuwa ta silikon ce, tana iya fashewa mace ba ta sani ba, shi ya sa hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ba da shawara a riƙa ɗaukar hoton wurin bayan shekara 5 ko 6 da yin aikin, sa'an nan kowace shekara 2 ko 3. Har ila yau, wurin yana iya ruruwa, kan mama yana iya daina ji, ruwan nono yana iya raguwa, kuma jakar takan kare wani sashe na mama idan aka zo ɗaukar hoton binciken sankara. Ita wannan hukuma ta faɗa ƙarara cewa jakar ba abar zama ba ce har ƙarshen rai, gwargwadon daɗewarta a jiki gwargwadon yiwuwar a sake komawa ƙarƙashin wuƙa.

A 1992 hukumar ta dakatar da dasa jakar silikon don ƙawa, ba ta sake ba da izini ba sai a 2006. A 2010 asirin wani kamfanin Faransa mai suna PIP ya tonu, aka gane yana cika jakunkunansa da silikon na masana'antu wanda ba a amince a sa shi a jikin mutum ba, bayan an riga an dasa wa mata wajen 300,000 a ƙasashe da dama. A watan Disamba na 2013 kotu ta yanke wa mai kamfanin, Jean-Claude Mas, ɗaurin shekara 4. Bayan wannan kuma, an gano wata irin sankara ta garkuwar jiki wadda takan tsiro a cikin yanar da ta kewaye jakar, musamman jaka mai kaushin baya. Ba ta cika aukuwa ba, amma ta yi kisa, har a watan Yuli na 2019 kamfanin Allergan ya janye irin waɗannan jakunkuna nasa daga kasuwannin duniya.

Haɗarin fiɗar ƙawa kuwa bai san mai dukiya ko mai mulki ba. A watan Oktoba na 2005 uwargidan Shugaban Ƙasar Nijeriya na lokacin, Stella Obasanjo, ta rasu a ƙasar Sifaniya bayan fiɗar rage kitse, kuma a 2009 kotun ƙasar ta sami likitan da laifin sakaci.

NASSOSHIN DA HUKUNCIN YA DOGARA A KANSU

Allah Ta'ala Ya ba da labari a cikin Suratut Tin, aya ta 4, cewa Ya halicci mutum a cikin mafi kyawon tsayuwa. A cikin Suratun Nisa'i kuma, aya ta 119, Ya bayyana cewa daga cikin alwashin da Shaiɗan ya sha a kan 'yan Adam har da umurtarsu da jirkita halittar Allah. Wannan aya ita ce tushen babin.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu, Allah Ya yarda da shi, la'anar da aka yi wa mata masu yin jarfa da masu neman a yi musu, da masu tsige gashin gira, da masu goge tsakanin haƙora don su sami wushirya saboda neman kyau, aka kuma siffanta su da masu jirkita halittar Allah. Wannan ne ya sa Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya kawo hanin mata ga ƙarin gashi da jarfa a cikin Risala, littafin da ɗalibai ke karantawa a zaurukan ƙasar Hausa tun zamanin da. Abin lura a nan shi ne an ɗaure hanin da neman kyau. Imamu Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya fahimci cewa da mace za ta bukaci gyaran haƙori saboda magani ko wani aibi da ke gare shi, to, babu laifi. Wadda Allah Ya halitta da wushirya adonta ne, babu abin da ya same ta. Wadda ta sa aka goge mata haƙora lafiyayyu don ta samu, ita hanin ya hau.

Har ila yau, Buhari da Muslim sun ruwaito daga Asma'u 'yar Abubakar cewa wata mata ta zo wurin Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ta ce 'yarta amarya ce, ƙyanda ta kama ta gashinta ya zube, ko a yi mata ƙari? Bai yi mata izini ba, ya kuma ambaci la'ana a kan mai ƙarin gashi da wadda ake yi wa. To, ga amarya, ga miji yana jira, amma duk da haka ba a yarda a nuna masa abin da babu shi ba.

A ɗaya gefen kuma akwai hadisin Arfajatu ɗan As'ad, wanda Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i suka ruwaito. An sare masa hanci a yaƙin Kulab a zamanin jahiliyya, ya sa aka ƙera masa na azurfa, sai ya riƙa wari, Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya umurce shi ya yi na zinariya, alhali kuwa zinariya haramun ce ga maza. Wannan ya nuna mayar da gaɓa yadda take halal ne, ko da da baƙon abu ne za a yi. Sa'an nan Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Usamatu ɗan Sharik umurnin neman magani, tare da bayanin cewa kowace cuta Allah Ya sanya mata magani, in ban da guda ɗaya, watau tsufa.

Malaman farko sun bi wannan ma'auni. Alƙurɗubi a tafsirinsa, da Ibnu Hajar a Fathul Bari, sun kawo maganar Imamu Ɗabari cewa bai halatta mace ta ƙara ko ta rage wani abu a halittarta don neman kyau ba, ko don mijinta ko don waninsa. Aka togace abin da yake cutarwa, kamar haƙorin da ya yi tsawo yana hana cin abinci. Alƙali Iyal, mai littafin Ashafa, shi ma ya tafi a kan cewa ba a yanke cindo sai in yana yi wa mai shi ciwo.

RABE-RABEN HUKUNCIN

Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, wadda ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, ta zauna a kan wannan mas'ala a zamanta na 18, a birnin Putrajaya na ƙasar Malesiya, a watan Yuli na 2007, daidai da Jimada Ahir 1428, ta fitar da matsaya mai lamba 173. Abin da ta tsayar ya raba aikin kashi biyu.

Kashi na farko shi ne fiɗar larura ko bukata, wadda ake nufin kawar da aibi da ita, ko wanda aka haifi mutum da shi, kamar tsagaggen leɓe, ko wanda ya same shi daga baya ta dalilin ƙuna ko haɗari ko cuta. Wannan halal ne. Majalisar ta ambaci mama da sunansa a nan: ya halatta a sake gina shi gaba ɗaya in an yanke shi, ya kuma halatta a gyara shi in girmansa ko ƙanƙantarsa ya kai matsayin cuta. Saboda haka matar da sankara ta sa aka cire mata mama, babu ƙunci a kanta in ta nemi a mayar mata da kamarsa. Wannan abu ne da ya kamata a yayata, domin akwai matan da tsoron yanke mama yakan sa su ɓoye ƙullutu su ƙi zuwa asibiti har sai cuta ta ci jiki. Haka nan wadda mamanta ya yi nauyin da yake sa mata ciwon baya da wuya da gyambo a ƙarƙashinsa, ya halatta a rage mata. Haka wadda ta balaga ɗaya ya fito ɗaya bai fito ba, da wadda wuta ta ci ƙirjinta. Namiji ma da cuta ko wani magani ya sa mama ya fito masa kamar na mace, ya halatta a cire masa.

Kashi na biyu shi ne fiɗar da ba magani ba ce, wadda ake yi wa gaɓa lafiyayya daidaitacciya don bin son zuciya ko kwaikwayon wasu. Wannan majalisar ta ce bai halatta ba. Malam Muhammadul Mukhtar Asshinƙiɗi, a littafinsa na hukunce-hukuncen fiɗa, shi ma haram ya ce da wannan kashi. A nan ne ƙara girman mama lafiyayye ya faɗa, da ɗaga wanda shekaru da haihuwa suka kwantar bisa al'ada, da dasa wa namiji abin da zai faɗaɗa masa ƙirji. Dalilan kuwa sun taru: akwai jirkita halitta don neman kyau, akwai jefa jiki cikin haɗarin da babu abin da ya tilasta shi, alhali Suratul Baƙara aya ta 195 ta hana mutum ya jefa kansa ga halaka, akwai buɗe al'aura ba da larura ba, akwai kuma zubar da dukiya mai yawa wadda Suratul Isra'i aya ta 26 da 27 ta kira almubazzaranci.

Tsakanin waɗannan kashi biyu akwai wuraren da suke da shubuha, kamar wadda ƙanƙantar ko sakin ya fita daga abin da aka saba gani har ya zame mata ƙunci mai tsanani a rai. Majalisar ta yarda cewa munin da yake cutar da mutum a jikinsa ko a ransa ana iya kawar da shi. Sai dai ba mai sayar da aikin ne zai yanke wannan ba, ba kuma ƙawa ba. Likita amintacce ne zai faɗi ko abin ya kai aibi, sa'an nan malami masani ya ba da fatawa a kan halin ita wannan mata.

Ko a inda ya halatta, akwai sharuɗɗa. Lalle amfanin ya rinjayi cutarwar, kuma ya zamana babu wata hanya mai sauƙi da za ta wadatar. Lalle likitan ya zama gwani a fannin, domin Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah sun ruwaito cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da sanin magani ba, to, shi ne da lamunin abin da ya ɓata. Lalle a bayyana wa mara lafiya illolin aikin a rubuce, kuma ta yarda da kanta. Sa'an nan a nemi likita mace in akwai, a guji keɓancewa, kada a buɗe abin da ya wuce wurin aiki.

WASU TAMBAYOYI DA SUKAN TASO

Wata takan ce mijinta ne ya nema. To, ɗa'a ga miji tana cikin abin da shari'a ta yarda da shi ne, babu ɗa'a ga abin halitta cikin saɓon Mahalicci. An kuwa riga an ga Ɗabari ya ambaci miji da sunansa bai togace shi ba.

Wata kuma tsoron kishiya ne ya kai ta. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wata mata ta tambayi Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ko akwai laifi ta nuna wa kishiyarta miji ya ba ta abin da bai ba ta ba, sai ya kamanta mai taƙama da abin da ba a ba shi ba da wanda ya sa tufafi biyu na ƙarya. Gasar da aka gina a kan wuƙar likita ba ta da iyaka, domin kullum za a sami wadda ta fi ƙuruciya.

Budurwa kuwa ta sani, aibobin da Risala ta lissafa waɗanda ake mayar da mace saboda su su ne hauka, da kuturta, da albaras, da cutar gaba. Girman mama ko ƙanƙantarsa ba ya cikinsu. Abin da shari'a ba ta kira aibi ba, bai kamata talla ta mayar mata da shi aibi ba.

Akwai kuma masu gudun shayarwa don kada mama ya zube. Binciken likitoci ya nuna abin da ya fi kwantar da mama shi ne shekaru, da yawan ɗaukar ciki, da hawa da saukar ƙiba, da shan taba, ba ita shayarwar ba. Wadda ta hana jaririnta nono ta tauye masa hakkin da Suratul Baƙara aya ta 233 ta ambata, na shayarwa shekara 2 cikakku ga mai son cikawa, kuma ba ta tsira daga abin da take gudu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ita ma nono zalla ta ce a ba jariri wata 6, a ci gaba har shekara 2 ko fiye.

Wadda ta riga ta yi fa? Ƙofar tuba a buɗe take. Nawawi ya yi bayani game da jarfa cewa in cire ta zai jawo cutarwa, ba a wajabta ba, tuba ta wadatar. Bisa wannan ƙiyasi, sai ta tuba, ta nemi shawarar likita game da cirewa, kuma kada ta bar zuwa a duba ta. Wankanta da sallarta sun inganta, domin abin yana cikin jiki ne, bai hana ruwa taɓa fata ba.

Saura magungunan da ake tallatawa a kasuwa da intanet da sunan gyaran mama, na shafawa da na sha da na allura. Mafi yawan matan ƙasar nan waɗannan ne suke iya kaiwa gare su. Abincin kirki mai gina jiki halal ne, babu mai hana shi. Amma ƙwayar da ba a san abin da ke cikinta ba, da magungunan asibiti da ake sha ba da izinin likita ba don neman ƙiba, waɗanda wasunsu kan jawo hawan jini da ciwon sukari da raunin ƙashi, da allurar da wanda ba likita ba yake ɗurawa a ɗaki, duk sun shiga ƙarƙashin hanin cuta da cutarwa wanda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Irin wannan ne Hausawa ke cewa garin neman gira a rasa ido.

NASIHA

Musulunci bai hana mace ado ba. Lalle da kwalli da kitso da turare da tufafi masu kyau duk abin so ne ta yi wa mijinta. Abin da ya hana shi ne a mayar da lafiyayyen jiki abin yanka da ɗinki.

Kaso mafi girma na wannan nasiha kuwa na mazaje ne. Sau da yawa gorin miji ne yake tura mace ga wannan hanya. Jikin da yake yi wa gori, cikin 'ya'yansa ne da goyonsu suka mayar da shi haka, kuma Suratu Luƙman aya ta 14 ta ambaci wannan wahala ta uwa a matsayin dalilin a gode mata. Muslim ya ruwaito hanin mumini ya ƙi mumina, domin in ya ƙi wani hali nata zai yarda da wani. Ya kuma ruwaito daga Abu Huraira cewa Allah ba Ya duban surori da dukiyoyi, zukata da ayyuka Yake dubawa. Iyaye mata su ma su kiyaye harshensu a gaban 'yan matansu, domin kalma guda ta raini da aka faɗa wa yarinya game da jikinta tana iya binta har gidan miji.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya sanya wadar zuci a zukatan Musulmi maza da mata, Ya daidaita tsakanin ma'aurata. Allah Shi ne Mafi sani.